Yadda ake cin moriyar bazara a Shikago ba tare da iskar tafki ta ci maka mutunci ba

Bari mu fara daidaita magana a kan kalmar bazara tukuna, don a nan mutanenmu suke fara faɗawa rami. Mu in aka ce bazara abin da ke zuwa mana a rai shi ne zafin Afirilu, gumi, kwana a tsakar gida, mangwaro ya cika kasuwa, kowa na ɗaga kai yana neman hadari. To a birnin Shikago na Amurka ba haka abin yake ba ko kusa. Bazararsu ita ce watanni ukun nan, Maris da Afirilu da Mayu, lokacin da hunturu yake sakin gari a hankali kamar mai bin bashi da ba ya son tafiya, yau ya fita gobe ya dawo ya ce ya manta hularsa. A Maris zafin rana da kyar yake wuce digiri 8, a Afirilu wajen 15, a Mayu wajen 21, kuma ba abin mamaki ba ne a wayi gari cikin Afirilu a ga dusar ƙanƙara ta zubo a kan furanni.

Amma wallahi in ka dace da ita, ban ga lokacin da garin nan ya fi daɗi ba. Mutane sun yi wata huɗu a kulle a ɗaka, ranar da rana ta fara fitowa sosai sai ka ga gari ya fashe, kowa ya fito har da masu gajeren wando a sanyin da kai za ka nemi bargo. Abin kawai shi ne komai na wannan lokaci ɗan gajere ne, wani abin kwana biyar, wani safiya ɗaya, kuma Tafkin Mishigan da garin yake bakinsa ne yake mulkin komai. Saboda haka ga yadda za ka bi.

Mataki na farko, zaɓi makon da za ka zo, kar ka ce bazara kawai

Kowane yanki na watannin nan da abin da yake bayarwa. In ka zo tsakiyar Maris za ka tarar da bikin mutanen Ayilan na ranar Saint Patrick, ranar 17 ga wata, kuma galibi a Asabar ɗin da ke gabanta ne ake rina kogin Shikago ya koma kore shar. Tun 1962 ake wannan abu, ƙungiyar masu gyaran famfo ce ke yi, suna bi da ƙananan jirage suna barbaɗa wani gari mai ruwan lemo, yana taɓa ruwa sai ya koma kore, abin kamar siddabaru. Da safe ake yi wajen ƙarfe 10. Shawarata ka je da wuri, ka kalla, ka ɗauki hoto, ka bar wurin kafin azahar, domin daga nan abin ya zama na 'yan shaye-shaye, ba wurin zama da iyali ba ne.

Afirilu na furannin ceri ne da fara ɗaga gadoji da fara ƙwallon besbol. Ƙarshen Afirilu zuwa farkon Mayu na furannin tulif ne. Mayu kuma na tsuntsaye ne da buɗe maɓulɓular ruwa. In da za a ce in zaɓa maka, kuma sau ɗaya za ka zo, zan ce makon farko ko na biyu na Mayu. Ceri da rina kogi sun riga sun wuce a lokacin, amma sauran duk suna nan, kuma sanyin ya rage mugunta.

Wani ɗan abu, ranar Lahadi ta biyu a Maris suna tura agogo gaba da awa ɗaya. Kafin nan tsakanin Shikago da Najeriya ko Nijar awa 7 ne, bayan nan ya koma 6. Ka sani don kar ka riƙa tada Hajiya daga barci da kiran waya.

Mataki na biyu, kaya

Nan ne na fi so ka saurare ni. Tafkin Mishigan ba tafki ba ne irin wanda ka sani, faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 58,000, wato ya kusa ninka jihar Kano sau uku, in ka tsaya a bakinsa ba ka hango ɗaya gaɓar, sai ka rantse teku ne, sai dai ruwansa ba gishiri. Duk hunturu ruwan nan yana shan sanyi, kuma ba ya ɗumi da wuri, saboda haka a bazara ya zama kamar ƙaton firij da aka bari a buɗe a gabashin gari. In iska ta juyo daga tafkin, cikin minti kaɗan sai ka ji gari ya canja. Masu hasashen yanayi a talabijin kullum sai sun ƙara da cewa bakin tafki zai fi sanyi, kuma ba wasa suke ba.

Ni na taɓa fita daga wata unguwa can yamma da gari da 'yar shadda ta kaftani mara nauyi, rana ta fito tarwai, ina jin kaina, ina isa bakin ruwa iska ta shige ta hannun riga ta fita ta wuya, minti ashirin ban yi ba haƙorana suka fara kaɗawa, dole na shiga shago na sayi suwaita da kuɗin da na ware na abinci. Tun ranar na koyi darasi.

Abin da za ka yi shi ne sa kaya hawa-hawa. Singileti ko 'yar riga a ciki, suwaita a kai, sannan jaket mara nauyi wadda iska da ruwa ba sa ratsawa. In an yi ɗumi ka cire ɗaya ka cusa a jakar goyo. Hular sanyi da safar hannu su zauna a jakar ko da kana ganin ba ka buƙata. Takalmi kambas mai daɗin tafiya, ban da silifas. Lema kuwa iska na karya ta a tsakanin dogayen gine-ginen nan, jaket mai hula ta fi. Ke kuma 'yar uwa, abaya ko hijabi ba matsala, amma ki sa wando mai kauri a ciki, ki kuma kama mayafin da fil sosai. Basilin ko man kaɗe kar a manta, fata na bushewa kamar lokacin hunturunmu.

Sannan su da ma'aunin Faranhait suke magana. Ka riƙe uku kawai, 32 shi ne sifili namu, 50 shi ne 10, 68 shi ne 20.

Mataki na uku, ka gane gari da yadda ake yawo a cikinsa

Wannan mai sauƙi ne. Tafki kullum yana gabas. In ka ɓace ka nemi inda ruwa yake shikenan. Titunan an yanka su ne kamar gidan dara, ana fara ƙirga lamba daga mahaɗar titin State da Madison, kusan kowace lamba 800 mil ɗaya ce.

Kar ka yi hayar mota in dai cikin gari za ka tsaya, kuɗin fakin kaɗai zai sa ka yi kuka. Jirgin ƙasansu na cikin gari da suke kira L ya wadatar, layuka ne masu launi. Daga filin jirgin sama na O'Hare shuɗin layi zai kawo ka tsakiyar gari, daga Midway kuma layi mai ruwan lemo. Ja da shuɗi suna aiki dare da rana. A tasha ka sayi katin Ventra ka sa masa fas na kwana ɗaya ko uku ko bakwai, da shi za ka hau jirgi da bas iya son ranka. In katin bankinka irin wanda ake ɗorawa a kan na'ura ne shi ma yana yi.

Mataki na huɗu, ranar farko ka ba tsakiyar gari, a ƙafa

Ka fara da Millennium Park da sassafe kafin jama'a. An buɗe shi a 2004, kuma nan ne ƙaton ƙarfen nan mai sheƙi yake wanda kowa ke kira Wake saboda siffarsa, sunansa na gaskiya Cloud Gate, aikin Anish Kapoor. Ka ɗauki hotonka ka wuce, kar ka ɓata awa a nan. Abin da yawancin baƙi ke tsallakewa yana bayansa kaɗan, lambun Lurie, wanda a ƙarshen Afirilu da Mayu yake cika da furanni, shiru, ga benci, ga dogayen benaye a bayanka. Kyauta ne duk.

In a Mayu ne ka gangara kudu cikin Grant Park zuwa maɓulɓular Buckingham, tun 1927 take nan. Duk hunturu a kashe take, a Mayu ake kunna ta, kuma kowace awa tana harba ruwa sama wajen mita 46 na tsawon minti 20. Ka lura da inda iska ke kaɗawa kafin ka zaɓi wurin tsayawa, in ba haka ba wanka za ka yi ba shiri.

Daga nan ka juyo arewa ka bi titin Michigan. Tsakiyar titin da gefensa duk an shuka tulif, ja da rawaya da fari da shunayya, dubbai, tun kaka ake binne 'ya'yansu kamar albasa su kwana a ƙasa duk hunturu. Sati biyu zuwa uku suke yi su zube. Haka za ka taka har ka iso gadar DuSable a kan kogi. Sunan Jean Baptiste Point du Sable ne aka sa mata, baƙar fata ne, kuma shi ake ɗauka a matsayin baƙo na farko da ya kafa gida ya zauna a wurin da ya zama Shikago, wajen shekarun 1780. Mutane da yawa suna wucewa ta gaban mutum-mutuminsa a bakin gadar ba su ma san ko wane ne ba.

Mataki na biyar, kogi, kuma nan ne kaɗai zan ce ka kashe kuɗi ba tare da jin ciwo ba

A gindin gadar nan ake hawa jiragen ruwa na zagayen kallon gine-gine. Awa ɗaya da rabi ne, mai bayani yana tsaye da makirfo yana gaya maka tarihin kowane gini. Akwai kamfanoni da dama, wanda cibiyar gine-gine ta Chicago Architecture Center ke shiryawa shi ya fi suna. Ka sayi tikiti ta intanet tun kwana ɗaya kafin, ka zaɓi na rana tsaka ko la'asar ranar da aka ce za a yi rana, ka zauna a saman jirgi, ka sa duk kayan da ke jakarka domin kan ruwa wani sanyin ne daban.

A nan za ka ji yadda gobarar 1871 ta cinye tsakiyar garin aka sake gina shi, da yadda a 1900 injiniyoyi suka juya kogin baya, maimakon ya zuba a tafki sai ya riƙa gudu yana nisantarsa, don kar ƙazantar gari ta shiga ruwan da suke sha. Za ka ga Willis Tower, wanda tsofaffin 'yan gari har gobe Sears suke ce masa, hawa 110, mita 442. Injiniyan da ya tsara ƙashin ginin Musulmi ne haifaffen Dhaka ta Bangladesh, Fazlur Rahman Khan, shi ne kuma ya yi na dogon benen da aka sani da John Hancock. Ni duk lokacin da na kalli ginin sai na tuna wannan. In kana da zuciya akwai wurin kallo a hawa na 103 da akwatunan gilas da suka leƙo waje, ka taka kana ganin titi a ƙarƙashin ƙafarka. Amma ranar hazo ko gajimare kar ka hau, asarar kuɗi ce, farin bango kawai za ka gani.

Sai abin da na fi so a duk bazarar Shikago kuma ko sisi ba a biya, ɗaga gadoji. Masu jiragen ruwa masu filafilai suna ajiye jiragensu a can cikin kogi lokacin hunturu, to in bazara ta zo sai a maido su tafki, kuma dogayen sandunansu ba sa wucewa ƙarƙashin gada. Saboda haka daga Afirilu zuwa Yuni, ranakun Laraba da Asabar da safe, hukumar gari take ɗaga gadoji 27 ɗaya bayan ɗaya. Ka sauka kan hanyar ƙafa ta bakin kogi da suke kira Riverwalk ka sami wuri tsakanin titin Wells da Michigan ka jira. Za ka fara jin ƙararrawa tana ƙara, a sauke shingen tare motoci, sai titi guda da fitilunsa da layukansa ya rabe biyu ya miƙe tsaye a hankali, jiragen su wuce a jere kamar agwagi, a sauke, a matsa ta gaba. Direbobi suna ta tsaki a sama kai kana ƙasa kana dariya. Ka duba jadawalin a shafin hukumar sufuri ta gari tukuna, domin in babu jiragen da suka nemi wucewa ba a ɗagawa.

Mataki na shida, rana guda ta bakin tafki

Akwai hanya da aka yi wa masu ƙafa da masu keke a bakin ruwa, Lakefront Trail, tsawonta wajen mil 18, kusan kilomita 30, babu mota ko ɗaya. Ka sauke manhajar Divvy a waya ka ɗauki keken haya daga kowace tasha ka mayar a wata. Ka karanta ƙa'idar minti nawa aka ba ka kafin kuɗi ya fara hawa, kuma in ka mayar da keken ka tabbatar ya kulle, ka ga koren haske. Dabara ɗaya, ka duba daga ina iska ke busowa, ka hau jirgi ka je can, ka dawo da keke iska na tura ka ta baya. Ka kuma tsaya a gefen dama, masu tseren keke ba su da haƙuri ko kaɗan.

In ta arewa ka bi, ka tsaya a gidan zu na Lincoln Park. Tun 1868 yake, kuma shiga kyauta ne kullum, abin da ba kasafai ake samu a Amurka ba. Bazara ta fi dacewa da shi domin dabbobi suna waje suna motsi. Kusa da shi akwai gidan gilas na tsirrai, shi ma kyauta, ciki ɗumi kamar ka sauka a Legas, wurin gudun sanyi ne mai kyau. Ranar Asabar kuma kasuwar manoma ta Green City tana ci a kudancin filin, a bazara kayan lambun ba su da yawa tukuna amma akwai zuma da cuku da burodi mai zafi.

Ka ci gaba arewa zuwa Montrose Point. Wannan wuri sai na ɗan daɗe a kansa. Kamar yadda shamuwa ke zuwa mana gab da damina, haka miliyoyin tsuntsaye ke tasowa daga kudancin nahiyar Amurka suna yin arewa a bazara, da dare suke tafiya, suna bin gaɓar tafki, gari na wayewa sai su nemi wurin sauka, kuma wannan ɗan tsinin ƙasa da ya shiga ruwa shi ne masaukinsu. An ƙirga fiye da iri 300 a wurin. Akwai wani layin ƙananan itatuwa da ake kira Magic Hedge, in ka je da asuba a farkon Mayu zuwa tsakiyarsa za ka tarar da tsofaffi da yara tsaye shiru da madubin hangen nesa, kowa na raɗa, wani ɗan tsuntsu da bai kai girman babban yatsa biyu ba, rawaya kamar kwaiduwa, yana tsalle a reshe kusa da hancinka, ya gaji da tafiyar dare ko ta kanka ba ya bi. In ka tambayi na kusa da kai me ake kallo, da murna zai miƙo maka madubinsa. A yashin bakin ruwan nan ne a 2019 wasu 'yan tsuntsaye biyu na wani iri da ya kusa ƙarewa suka yi sheƙa, karo na farko cikin gomman shekaru a Shikago, aka sa musu suna Monty da Rose, mutane suka riƙa gadinsu bi da bi, har wani babban bikin kiɗa da aka shirya a wurin bai yiwu ba. Saboda haka in ka ga an kewaye yashi da igiya kar ka tsallaka. A ƙarshen Mayu kuma ka kula da wani baƙin tsuntsu mai jan kafaɗa, in ka kusanci sheƙarsa ta baya yake zuwa ya doki ƙeya.

Batun shiga ruwa kuwa ka manta. Sai ƙarshen Mayu, hutun Memorial Day, ake buɗe wuraren wanka da masu tsaro, kuma ko a lokacin ruwan ƙanƙara ne. Ranar iska kar ka matsa bakin simintin gaɓa, igiyar ruwa na haurowa ta share mutum.

In a Afirilu ka zo kuma kana son ganin tsohuwar al'adar gari, ka leƙa tashar jiragen Montrose da dare. Watan ne kaɗai aka yarda a kama wasu ƙananan kifi da ake kira smelt da raga, za ka ga 'yan dattawa da fitila da kasko suna hira. Kifin ya ragu ƙwarai yanzu, hirar ce ta rage. In kai ma za ka jefa raga sai da lasisin kamun kifi na jihar Illinois.

Mataki na bakwai, kudu

Furannin ceri suna Jackson Park ne, bayan gidan tarihin kimiyya da masana'antu. Bas mai lamba 6 ko jirgin ƙasa na Metra Electric zai kai ka. A 2013 aka fara dasa itatuwan don tunawa da shekara 120 da babban baje kolin duniya da aka yi a filin a 1893, sun haura 150. Galibi cikin Afirilu suke buɗewa, kuma ba sa wuce mako guda, iska ko ruwa ɗaya mai ƙarfi ya kakkaɓe su, wata shekarar ma sanyi na ɓata su ba sa yin abin kirki. Hukumar filayen shaƙatawa tana sanar da yadda suke ciki a shafinta, ka riƙa dubawa, ranar da aka ce sun buɗe ka ajiye komai ka tafi da safe, tsakiyar mako in da hali. Ka tsallaka 'yar gada ka shiga lambun Japan da ke tsibirin wurin. An hana karya reshe ko girgiza bishiya don hoto.

A hanyar dawowa ka sauka a Museum Campus, harabar gidajen tarihi da ke bakin tafki. Field Museum na da ƙasusuwan wata ƙatuwar dabba ta zamanin da, dinoso, mai suna Sue, da zakunan Tsavo guda biyu da suka cinye ma'aikatan layin dogo a Kenya a 1898. Shedd gidan kifaye ne. Waɗannan biyun ka ajiye su don ranar ruwan sama, kuma da tsada. Abin da ba a biya shi ne ka taka har bakin Adler Planetarium, gidan nazarin taurari, ka juyo ka kalli gari, duk hoton Shikago mai kyau da ka taɓa gani daga nan aka ɗauka, musamman gab da magariba.

Navy Pier kuwa, wurin wasa da shaƙatawa da ya shiga cikin tafki, to, in da yara ka je su hau lilon, in babu ba ka rasa komai ba. Besbol ma haka, in kana son ganin yadda Amurkawa ke hutawa ka hau jan layi ka sauka a Addison ka shiga Wrigley Field, filin tun 1914, amma a Afirilu ka tafi da bargo.

Mataki na takwas, ciki da sallah

Fizar Shikago mai zurfi kamar kwano, cike da cuku da tumatir, tana ɗaukar wajen minti 45 a gasa, yanka biyu ya ishe ka. Ka kula, tsiran naman da suke sawa na alade ne, ka ce a yi maka ta cuku zalla ko da alayyafo. Abincin halal na sosai yana titin Devon, can arewa, unguwar 'yan Pakistan da Indiya, ka sauka a tashar Loyola ta jan layi ka hau bas 155, biryani da gasasshen nama da shayi mai madara har dare. Na Larabawa kuma yana Bridgeview a kudu maso yamma, wajen da Falasɗinawa suka fi yawa. In kewar gida ta taso, unguwannin Uptown da Edgewater da Rogers Park akwai shagunan 'yan Najeriya da Gana, za ka sami dafa-duka da sakwara da manja. A gidan abinci da aka yi maka hidima ana barin tukuici kashi 18 zuwa 20 cikin ɗari, kuma farashin da ka gani a rubuce ba shi za ka biya ba, haraji na hawa kai.

Masallaci a tsakiyar gari akwai Downtown Islamic Center a kan titin State, ana Juma'a. Alƙibla daga Shikago arewa maso gabas take, ba gabas sak ba kamar yadda muka saba, ni ma sai da wani ya juya ni a sahu. Lokutan sallah kuma gudu suke a wannan lokaci, magariba a ƙarshen Maris bakwai da 'yan mintuna, a ƙarshen Mayu ta wuce takwas, asuba na ta matsowa baya, saboda haka ka dogara da manhaja kar ka dogara da abin da ka gani jiya.

Saura abu biyu ƙanana. Ranar Talata ta farko a kowane wata da ƙarfe 10 na safe za ka ji jiniya ta cika gari, gwaji ne kawai na gargaɗin guguwa, kar ka firgita. Amma in ka ji ta a wani lokaci daban kuma sama ta yi baƙi, ka shiga gini ka sauka hawa na ƙasa nesa da taga. Sannan in ka fara atishawa da ƙaiƙayin ido ba mura ba ce, garin furen itatuwa ne, kowane kemis na sayar da maganinsa ba sai da takardar likita ba.

In kana da rarar kwana ɗaya a farkon Mayu kuma akwai mai mota, ku zagaya ɗaya gefen tafkin zuwa garin Holland a jihar Mishigan, tafiyar wajen awa uku, inda jikokin mutanen Holan ke bikin tulif tun 1929, da takalman katako da rawa a titi. Ku tashi da wuri, kuma ku tuna agogonsu ya fi na Shikago da awa ɗaya.